DANSHIN TABA: DAGA RUMFA ZUWA LOFE

Ko wane manomin taba ya san wahalar da ke cikinta. Sai an yi rainon iri, a yi dashe, a yi ta ban ruwa, a fille kai, a cire toho, sa'an nan a tsinki ganye ɗaiɗai a kai rumfa. Aikin wata huɗu ne ko biyar. Amma sau da yawa mutum ya kan ɓata wannan wahala duka cikin yini guda. Wani ya sauke ganyensa da tsakar rana cikin hunturu, ya ɗaure, ya kai kasuwa, da aka kwance sai ga gari. Wani kuma ya ji tsoron haka, ya yayyafa ruwa da yawa, ya cusa cikin buhu, bayan kwana goma ya tarar funfuna ta cinye. Dukansu biyu abu guda ya kayar da su, watau rashin sanin yawan danshin da taba ke bukata.

Wannan magana ta shafi manomi, ta shafi ɗan kasuwa mai saye ya ajiye, ta shafi akawu mai riƙon sikeli, har da dattijo mai cika lofensa da maraice.

TABA TANA BIN ISKA

Asalin taba daga Amurka ne, ta iso Afirka ta Yamma wajen shekara 400 da suka wuce, ta kuwa zauna daram a fadamun ƙasar Hausa. Hausawa sun ce taba ta bambanta da garin gero. Gaskiya ne, har wajen ajiya. Gero in ya bushe sarai ya fi kyau. Taba kuwa tilas a bar mata ɗan ruwa a jikinta, in ba haka ba ta lalace.

Ɗanyen ganyen taba kusan duk ruwa ne. Cikin kashi 100 na nauyinsa, kashi 80 zuwa 90 ruwa ne. Bayan an shanya ya bushe, sai ya zama kamar gishiri: in iska tana da laima ya sha, in iska ta bushe ya ba ta nasa. Ba ya tsayawa a hali guda. Ganyen da ya yi laushi kamar ƙyalle da asuba, shi ne zai yi ƙamas da azahar, ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Masana sun auna abin. In ruwan da ke cikin busasshen ganye ya sauka ƙasa da wajen kashi 10 cikin 100, sai ya marmashe a hannu. Daga wajen kashi 12 zuwa 18 a nan ya ke da laushi, ya kan lanƙwasu, ya kan kuma ci wuta sosai. In ya zarce kashi 20 da ɗoriya, ga kuma zafi, to, funfuna ta sami gida. Iskar da ta ke riƙe taba daidai ita ce mai laima kashi 60 zuwa 65 cikin 100.

To, a nan wahalar ƙasar Hausa ta ke. A Kano, cikin Janairu da Fabrairu, laimar iska ta kan sauka ƙasa da kashi 20 da rana. Cikin Agusta kuwa ta kan haura kashi 80 da safe. Watau kwanakin da iska ta ke daidai da bukatar taba kaɗan ne cikin shekara. Tabar rani, wadda a ke nomawa a fadama, shanyarta ta kan faɗo cikin hunturu da farkon bazara, abin tsoronta bushewa. Tabar damina kuwa a kan tsinke ta iska na cike da laima, abin tsoronta ruɓewa. Saboda haka dabarar duka guda ce: a gyara iskar da ke kewaye da ganye, a bar ganyen ya sha da kansa. Zuba ruwa a jikin ganye shi ne dabara ta ƙarshe, ba ta fari ba.

A CIKIN RUMFA

Gyaran danshi tun daga rumfar shanya ya ke farawa. Ganyen da aka tsinko bai mutu ba tukuna. Kwanakin farko yana sauya kama a hankali, kore ya ɓace ya koma rawaya, sa'an nan ya koma ja ko ƙasa-ƙasa, ɗacinsa ya ragu, ƙanshi ya fito. Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da ruwa a cikin ganye. In iskar hunturu ta busar da shi cikin kwana biyu ko uku, sai ya bushe da korensa. Wannan ganye ba ya gyaruwa kuma, ko an jiƙa shi daga baya. Hayaƙinsa da kaifi, kuɗinsa kaɗan. Sauri ya haifi nawa.

Don haka cikin hunturu a matsa igiyoyin ganye kusa da juna, a kewaye rumfa da zana, musamman ta gabas da arewa inda iska ke fitowa. Da rana a rufe, da dare a buɗe. In bushewar ta yi tsanani a yayyafa ruwa a ƙasan rumfa, ba a jikin ganye ba.

Da damina sai a juya al'amarin. A ba da rata tsakanin igiyoyi don iska ta ratsa, a buɗe rumfa da rana, a rufe da dare da lokacin ruwa. In an yi kwanaki ana marka, ganye ya fara santsi ko baƙi-baƙi, a kai garwashi cikin kasko a ajiye a tsakar rumfa, nesa da ganye da zana, mutum na tsaye a kai.

Shanya a inuwa ta kan ɗauki mako huɗu zuwa takwas, gwargwadon kaurin ganye da halin iska. Jijiyar tsakiya ita ke bushewa daga ƙarshe. Kada a ce an gama sai an lanƙwasa ta kusa da gindi ta karye ƙas. In ta lanƙwasu ba ta karye ba, da sauran ruwa a ciki, shi ne kuwa zai ruɓar da ɗauri duka daga tsakiya.

SAUKE GANYE

A nan ne hasara ta fi yawa. Ganyen da ya gama bushewa ba a taɓa shi sai ya yi laushi. Cikin shekarun 1950 da 1960, sa'ad da kamfanin taba ke sayen ganye wurin manoman lardin Zazzau da na Sakkwato, bisa daraja a ke biya, karyayyen ganye kuwa can ƙasa ya ke faɗawa. Har yanzu ma a kasuwar ƙauye cikakken ganye ya fi marmashi kuɗi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta asuba. Ko cikin hunturu, iska ta fi laima daf da fitowar rana, balle a fadama kusa da ruwa. A buɗe rumfa ta kwana a buɗe, a sauke ganye tun da jijjifi, a tara shi a kan tabarma, a rufe da wata tabarma ko buhun algarara kafin rana ta ɗago. Ganyen da aka tara aka rufe ya kan riƙe laushinsa har a gama zaɓe.

In asuba ba ta wadatar ba, sai a yi ɗakin laushi. A sami ɗakin ƙasa mai ƙofa guda, ko a haƙa rami mai zurfin tsayin mutum a inuwa, a yi masa rufi. A zuba rairayi a ƙasa a jiƙa shi sosai, a rataye jiƙaƙƙun buhuna a bango, a ajiye kasko ɗaya ko biyu cike da ruwa. Sa'an nan a rataye igiyoyin taba a sama, kada su taɓa ƙasa ko bango. A rufe ƙofa ya kwana. Kashegari a duba. In da saura a ƙara masa yini guda. Mai gaggawa ya kan kai tukunyar tafasasshen ruwa ciki don tururi, amma a nisantar da ita, gama ganyen da ke bisa tukunya ya kan jiƙe sharkaf tun na gefe bai ji komai ba.

Fataken goro sun san irin wannan aiki, tun da su ma da ganye da yayyafi su ke riƙe huhu. Amma kada a kwaikwaye su duka. Goro ɗanye ne, yana son sanyi da jiƙa. Taba busasshiya ce, laushi kaɗai a ke nema mata. Ɗigon ruwan da ya zauna a jikin ganye ya kan bar tabo baƙi, daga nan kuma funfuna ke somawa.

GWAJI DA HANNU

Ba sai da na'ura ba. A ɗauki ganye biyu ko uku daga tsakiyar tari, a dunƙule a tafin hannu, a matse, a saki.

In ya yi ƙara ya karye, ya bushe da yawa, a mai da shi ɗakin laushi.

In ya buɗe a hankali ya koma kamar yadda ya ke, ba tsaga, to, ya yi daidai.

In ya zauna a dunƙule, ya yi sanyi a hannu ko ya yi danƙo, ruwa ya yi yawa. A baza shi a inuwa ya sha iska tukuna.

Alamar da ta fi duka ita ce wannan: jikin ganye ya yi laushi, amma jijiyar tsakiya ta karye in an lanƙwasa ta. In har jijiya ma ta yi laushi, laima ta shige shi da yawa, kada a ɗaure.

LISSAFIN ƊAN KASUWA DA AKAWU

Wanda ke da ƙaramin sikeli yana iya sanin adadin ruwa. A auna giram 100 na taba, a baza a kan tsabtataccen faranti, a ɗora bisa zafi kaɗan wanda ba zai ƙona ta ba. A riƙa aunawa har nauyi ya daina raguwa. In giram 85 ya rage, watau ruwanta kashi 15 ne cikin 100. In giram 75 ya rage, kashi 25 ke nan, wannan taba ba ta ajiyuwa.

Ga amfanin wannan lissafi. A ce ɗauri guda kilo 50 ne, ruwansa kashi 15. Watau akwai kilo 7 da rabi na ruwa, kilo 42 da rabi na ganye zalla. In aka jiƙa wannan ɗauri har ruwansa ya kai kashi 25, sai ya hau sikeli da kusan kilo 57. Ganye bai ƙaru ko kaɗan ba. Mai saye ya biya kuɗin taba a kan kusan kilo 7 na ruwa, kuma cikin mako biyu ko dai ruwan ya tashi ya bar shi da giɓi, ko ya zauna ya ruɓar da kayan. Wannan algus ne. Mai yinsa ya kan ci riba sau ɗaya, amma ranar kasuwa ta gaba ba wanda zai kwance ɗaurinsa.

Don haka mai saye ya cusa hannu har tsakiyar ɗauri. In ya ji ɗumi, ko ya ji warin tsami, ko ya ga fari-fari kamar auduga a gindin jijiya, ya sani an ɗaure da ruwa. Har wa yau, akawun da ya karɓi taba cikin Satumba ya sake aunawa cikin Fabrairu, kada ya yi saurin tuhumar mai gadi in ya ga nauyi ya ragu. Hunturu ma ɓarawo ne.

AJIYA

Tabar da za ta daɗe a ajiye ta da ɗan ƙarancin danshi, wajen kashi 12 zuwa 14, watau daidai inda ba ta karyewa kawai. A ɗora ɗauri bisa katako ko itace, kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. A naɗe da tabarma da algarara. Leda tana riƙe danshi cikin hunturu, amma in rana ta bugi leda sai ta yi gumi daga ciki, gumin ya ɗiga a kan ganye. Saboda haka leda sai a inuwa, kuma sai taba ta bushe daidai kafin a rufe.

Sabon tari ya kan yi ɗumi da kansa. Ɗan ɗumi ba laifi ba ne, shi ke nunar da taba ya rage mata kaifi. Amma a riƙa dubawa bayan kwana biyu ko uku. In zafi ya fi ƙarfin hannu, a rushe tari, a mai da na tsakiya waje, na waje tsakiya. Da shigowar damina a riƙa buɗewa ko wane mako, domin akwai ɗan ƙwaro ja mai huda ganye, shi ma zafi da laima ya ke so.

Taba tana shan wari kamar yadda ta ke shan ruwa. Kada a haɗa ta ɗaki guda da kananzir, ko takin zamani, ko maganin ƙwari. Kada kuma a haɗa ta da abinci.

A CIKIN LOFE

Mai shan lofe shi ke jin kuskuren kowa a harshensa. Busasshiyar taba ta kan ci wuta da sauri, lofe ya yi zafi, hayaƙi ya ƙona maƙogwaro, toka ta biyo baki. Jiƙaƙƙiya kuwa ba ta kama wuta, a yi ta ƙyasta ashana tana mutuwa, tururi ya dafa harshe, ruwa mai ɗaci ya taru a gindin lofe yana ƙara.

Gwajin ɗaya ne da na ganye. A tsunkuli yankakkiyar taba da yatsa uku, a matse, a saki. In ta wargaje a hankali ta yi daidai. In ta zauna curi, a baza abin da za a sha a kan faifai. Da damina ya kan ɗauki rabin sa'a ko fiye, cikin hunturu 'yan mintoci sun isa. In ta marmashe kuwa, ga hanyoyi uku na mai da ita.

Ta fari, a zuba ta cikin ƙwarya ko kwano, a jiƙa tsabtataccen ƙyalle a matse shi sosai, a rufe bakin kwano da shi, kada ya taɓa taba. A ɗora faifai a kai. Bayan sa'a biyu ko uku a juya ta a gwada.

Ta biyu, a sami ɗan tsingaro na sabuwar tukunya, a wanke, a tsoma cikin ruwa ya sha, a goge bayansa, a jefa cikin gwangwani ko kwalbar taba a rufe. Kashegari a cire. In bai isa ba a sake.

Ta uku, a zuba gishiri cikin murfin kwalba, a ɗiga ruwa har ya jiƙe amma kada ya narke duka, a ajiye cikin mazubin taba a gefe, a rufe. Jiƙaƙƙen gishiri yana riƙe laimar iska a kan kashi 75 cikin 100, ba ya wucewa. Wannan ya ɗan fi bukatar taba, saboda haka da zarar ta yi laushi sai a cire shi.

In dole sai an yayyafa, a tuna ruwan da a ke bukata kaɗan ne ƙwarai. Kilo guda na taba mai ruwa kashi 8, don a kai shi kashi 15, wajen giram 80 na ruwa ya ishe shi, watau babban cokali biyar ko shida. A tafasa ruwan ya huce, a fesa a hankali ana juyawa, a rufe ya kwana. Ruwan kududdufi ba na wannan aiki ba ne. Waɗansu su kan sa ɓawon lemo ko yankin dankali cikin taba. Yana sa laushi, amma shi ke fara ruɓewa, ya kuma kawo funfuna. Tabar da funfuna ta kama a zubar da ita. Kada a goge a sha, kada kuma a gauraya da mai kyau a sayar.

GARGAƊI

Raɓa abokiyar busasshen ganye ce, amma a kan ɗanyen ganye abar gudu ce. Akwai dafi cikin taba mai suna nikotin, yana narkewa cikin ruwan da ke jikin ganye, ya shiga jikin mutum ta fata. Mai tsinkar taba da raɓa ko bayan ruwan sama ya kan kamu da jiri, da ciwon kai, da amai. Saboda haka a jira raɓa ta ɗauke, a sa riga mai dogon hannu da safar hannu, a canja tufa in ta jiƙe, a wanke jiki da sabulu. Yara kuwa kada a sa su wannan aiki, gama abin ya fi saurin kama su.

Tilas kuma a faɗi gaskiya. Gyaran danshi yana sa hayaƙi ya yi sanyi a baki, amma ba ya rage cutar da ke cikinsa ko kaɗan. Likitoci sun tabbatar hayaƙin lofe, kamar na sigari, yana kawo ciwon daji na baki da maƙogwaro da huhu, da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 ko wace shekara. A Nijeriya dokar taba ta 2015 ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba, ya kamata 'yan kasuwa su kiyaye. Wanda bai fara sha ba ya fi kowa riba.

Manomin da ya riga ya zuba wahalarsa a rumfa, ga abin da zai riƙe: kada ya busar da sauri, kada ya taɓa ganye sai ya yi laushi, ya jiƙa ɗaki ba ganye ba, kada kuma ya ɗaure sai jijiya ta karye. Wanda ya ga wata alama a rumfarsa da bai gane ba, ya ɗauki ganye biyu ko uku ya kai wa malamin gona na yankinsa tun ɓarna ba ta yi nisa ba.